Ƙarfen da Baba Ya Sayo

Ƙarfen ya zo a cikin wani dogon kwali, kuma Baba bai ɗauko shi ba. Janyo shi ya yi a ƙasa, tun daga bayan akori-kurarsa har bakin ramin garejin. Auta na ƙarƙashin wata mota tana juye baƙin mai ta ji ƙarar kwali a kan siminti, ta leƙo.

"Ga maganin nan na kawo," in ji Baba. "Ki ɗaura mini shi yau, kowa ya huta."

Auta ita ce ƙaramar 'yarsa. Ta ba talatin baya, garejin ma nata ne, amma sunan ya bi ta har masu kawo mata gyara ba su san wani ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: Baba ya yi shekara arba'in a kan sitiyarin manyan motoci, ita kuma tun tana 'yar mitsitsiya take miƙa masa sifana. Da ya bar dogon zango sai ya kama yin tukwanen furanni na siminti a bayan gida. Shi ke kwaɓawa, shi ke zubawa, shi ke lodawa a wata 'yar tirela da ya daɗe da ita, yake ja da akori-kurar, ya kai wa masu sayar da furanni a bakin hanya sau biyu a mako. Ba ya zama da ɗan aiki. Duk wanda ya ɗauka, kafin sati ya zagayo sun yi baram-baram.

Mako uku da suka wuce, a gangaren gada, tirelar ta kama kaɗa wutsiya da kaya a kanta. Ta yi dama, ta yi hagu, ta fizgi bayan motar, tukwane biyu suka faɗo suka tarwatse, Baba ya tsaya saura taku ɗaya ya auka kwalbati. Ko ƙwarzane bai yi ba. Amma wani maƙwabci ya gani, maƙwabcin kuwa yana da lambar Yaya.

Yaya shi ne babban ɗa, ma'aikacin ofis a wani gari, mutumin da bai taɓa canza taya da hannunsa ba amma ya ƙware wajen yanke hukunci ta waya. Ya ce Baba ya tsufa da tuƙi, a karɓe mukulli. Baba ya ce laifin mota ne, bayanta ya yi laushi. Aka yi ta ja-in-ja har Mama ta gaji ta raba gardama: a gyara motar yadda Baba ke so, sannan Auta ta shiga a gwada da kaya. In ta ce lafiya, Baba ya ci gaba da tuƙinsa. In ta ce a'a, mukulli ya koma hannun Mama, kuma kada wanda ya sake tayar da zancen. Ba wanda ya tambayi Auta ko tana son wannan alƙalancin.

Ta farke kwalin. Ƙarfe ne mai kaurin ƙotar fartanya, an lanƙwasa shi gefe biyu, an fesa masa jan fenti. Masu sayar da kayan mota sitabilaiza suke ce masa. Tsakiyarsa ake ɗaurewa a jikin aksil ɗin baya, wato ƙarfen nan da ya haɗa tayoyi biyu, hannayensa kuma a maƙala su a jikin shasi, ƙarafan da gangar motar ke zaune a kansu, don idan mota ta sha kwana da nauyi kada ta kwanta gefe guda. Motar Baba ba ta zo da shi daga kamfani ba.

"Baba, wannan karkata yake hanawa," ta ce. "Kaɗawar tirela kuma zance ne daban."

"Ke da kika zo duniya jiya? Abin da babba ya hango..."

"Na sani, ko na hau rimi."

"To sauko ki ɗaura."

Ta sa motar a kan rami, ba ta ɗaga ta da jak ba. Irin wannan aikin sai mota na tsaye da nauyinta a kan tayoyinta ake ɗaure shi. Wanda ya ɗaure shi tayoyi na reto a sama, da zarar an sauke motar ƙarfen zai zauna a murɗe, ya yi ta cin roba har ya gama da ita. Ta sauke safayar taya don ta samu wuri, ta zazzage notocin a wani tsohon faranti, ta sauka cikin ramin. Baba ya ja kujerar roba ya zauna a bakinsa, inda zai ga komai ya kuma kushe komai.

"Ɗan riƙe mini wancan gefen, Baba, in sa wannan."

"Gyara na kawo, ko aiki na zo nema?"

Ta ɗago ta dube shi. A iya saninta, Baba bai taɓa ganin ana aiki a motarsa ya zauna ba, ƙwace sifana yake yi daga hannun mutum. Ta ɗauka haushin Yaya ne bai gama hucewa ba. Ta samo guntuwar waya ta rataye gefen ƙarfen a jikin sifirin, ta ci gaba da abinta.

Aikin ba wuya, sai dai yana son natsuwa. Ta shafe robobin da giris ciki da waje, don wanda ya yi rowar giris a nan zai sha kukan roba duk inda motar ta taka rami. Ta zura lanƙwasassun ƙusoshin a kan aksil, ta ga ɗaya na neman danne tiyon birki, ta ciro ta ta bi da ita ta ƙarƙashin tiyon. Ƙofar da za a maƙala hannun hagu a shasi tsatsa ta toshe ta, sai da ta kankare. Ta ɗora komai sako-sako, ba ta ɗaure ko noti ɗaya ba, ta ja da baya ta duba ko ƙarfen ya zauna a tsakiya, ko zai taɓa salansa idan an yi lodi. Ƙasar da ta shekara a ƙarƙashin motar tana ta zubo mata a wuya.

A ƙarshen kowane hannu akwai ƙofa uku: ta laushi, ta tsakiya, ta tauri.

"Sa a ta tauri," in ji Baba daga sama.

"In na sa a can, ranar da ba kaya bayan motar zai riƙa zamewa a kwana."

"Na ce ki sa a ta tauri."

Ta yi kunnen uwar shegu ta sa a ta tsakiya. Daga inda yake zaune ba ya iya gani, bai kuma sauko ya duba ba. Wannan ma ta lura da shi, ta bar shi ya wuce.

Ta ɗauko sifanar nan mai yin "ƙas" idan ɗauri ya kai, ta bi notocin ɗaya bayan ɗaya. Baba bai taɓa yarda da wannan sifanar ba. Ido ba mudu ba, in ji shi, amma ya san kima. A zamaninsu hannu ke gaya wa mutum ɗauri ya isa, yanzu kuwa sai ƙarfe ya yi wa bakanike magana. Ta bar shi ya gama wa'azinsa, ta mayar da safayar taya, ta wanke hannu, ta dafa musu shayi a butar lantarki ta ofis. Da ta miƙa masa kofin, da hagu ya karɓa. Wannan mutumin da ya taɓa ƙwale Yaya a kai saboda karɓar abu da hagu! Ta buɗe baki za ta tsokane shi, ta ga fuskar a ɗaure take, ta fasa.

Suka kama hanyar gida don ɗauko tirelar. Ita ta ja motar, don ta ji ƙarfen da jikinta. A kwanar layinsu motar ta juya tsaf, ba ta kwanta ba. Baba ya yi gyaran murya irin ta wanda ya ci gardama.

Mama na tsakar gida tana shanya. Ta dubi Auta, ta dubi ƙofar da Baba ya bi, ta ce, "Ku dai ku bi a hankali." Ba ta ƙara komai ba, ta koma kan igiyarta. Kafin Auta ta sha ruwa ta fito, Baba ya riga ya maƙala tirelar ya hau kujerar direba. Tun da safe ya yi lodin, ya lulluɓe kayan da tampol ya ɗaure.

Suka fita gari. Auta ta sauke gilashi, ta juya madubin gefenta, ta zuba wa tirelar ido, ba ta kallon komai sai ita. Kunnenta dai ya ji injin yana kuka a giya ta uku fiye da yadda ya kamata kafin a ba shi ta huɗu, ta ce a ranta tsohon yana taka-tsantsan ne saboda alƙali na zaune kusa da shi. Suka wuce gidan mai na ƙarshe, suka wuce inda ake tara yashi, hanya ta miƙe. Har ta fara shirya abin da za ta gaya wa Yaya.

Suna fara gangaren gada tirelar ta motsa. Kaɗan ta fara, kamar mai gyara tsayuwa, sai ta leƙo a madubin Auta ta ɓace, ta sake leƙowa fiye da ɗazu. Bayan motar ya amsa. Auta ta dafe ƙofa. Baba kuwa ko gezau. Bai taɓa birki ba, ya dai ɗage ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe motar a miƙe, ya bar gudun ya mutu da kansa har tirelar ta gaji ta dawo layi. Direban da bai kai shi ba da tuni suna cikin rafi. Ya gangara gefen hanya ya tsaya.

"Ai na ce ki sa a ta tauri," ya ce.

Ta sauka ta zagaya, ta duba iskar tayoyin tirelar, ta girgiza maƙalar, duk lafiya. Sannan ta kwance igiya ta yaye tampol ɗin.

Manyan tukwane shida, kowace ta kusa nauyin mutum, suna jere a can ƙarshen tirelar, daf da ƙofar baya. Ƙananan, waɗanda ake ɗauka da hannu ɗaya, su ne a gaba. A tsakani, a kan daɓen tirelar, ga wani layin rawayan fenti da ya koɗe, daidai saitin taya. Auta ta san layin nan. Tana da shekara tara Baba ya ja shi a gabanta, ya ce mata nauyi gaba da layi yake zama, duk wanda ya tara shi a baya ya ɗaura wa kansa wutsiyar da za ta kaɗa shi. Sau ɗaya ta manta, ya sa ta sauke lodin gaba ɗaya ta sake.

Baba ya fito ya tsaya nesa kaɗan, yana kallon motocin da ke wucewa.

"Baba, wa ya yi lodin nan?"

"A haka suka fi zama."

"Zo mu mayar da su gaba. Kama mini can."

Bai motsa ba. Ta jira. Wata babbar mota ta wuce, iskarta ta ɗaga gefen tampol ɗin ta mayar.

"Kafaɗar ce," ya ce, ba tare da ya dube ta ba. "Ta dama. Ina iya gangaro tukunya a kan katako har bakin ƙofa. Kai ta gaba kuma sai da hannu biyu."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Mama ta sani?"

"Wa kike tsammani yake sa mini riga?"

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ashe tun ranar farko ya san abin da ya kaɗa tirelar, ya je ya sayo ƙarfe, ya zauna a bakin rami yana gardamar ƙofa uku. An bar jaki ana dukan taiki, kuma da saninsa.

"To ƙarfen fa, Baba?"

"Yayanku yana son ya ji an gyara wani abu. Ƙarfe kuma ba ya ruɓewa."

Ta hau tirelar ita kaɗai. Ta kwashe ƙananan ta ajiye a ƙasa, ta karkato manyan ɗaya-ɗaya tana murza su a kan gindinsu har suka tsallake layin, ta cike bayan da ƙananan, ta ɗaure. Gumi ya jiƙa mata riga sharkaf, amma daɗi take ji, daɗi sosai, don abin ya zo da sauƙi. Matsalar lodi ce, lodi kuwa yana da magani. Za ta sa a yi waldar 'yan tayoyi a kan wani faranti, ta ɗaura ƙaramin injin jan kaya a gaban tirelar, mai hannu ɗaya ma ya ja tukunya har inda yake so. Kafaɗa kuma a kai ta asibiti, ko da faɗa. Yaya za ta gaya masa tuƙin Baba lafiya lau, kuma ba ƙarya ta yi ba, da idonta ta ga yadda ya kwantar da tirela a gangare.

"Mu juya," ta ce. "Ka ja mu gani."

Suka tsallake gadar, suka juyo, suka sake hawa kanta. Tirelar na bin su tiryan-tiryan kamar an ɗinke ta da motar. Auta ta kalli madubi sau biyu, ta ga ba abin kallo, ta ɗage gilashi ta jingina. A karon farko tun fitowarsu ta dubi direban.

Hannunsa na dama na kwance a kan cinyarsa. Na hagu ne kaɗai a kan sitiyari.

Hawan ya fara, injin ya nemi a rage masa giya. Baba ya taka kuloci, ya saki sitiyarin, ya miƙo hannun hagu ta gaban cikinsa ya ja giyar, ya mayar da hannun. Cikin ƙiftawar ido ya yi, da gwaninta, irin ta wanda ya daɗe yana yi. Amma a cikin wannan ƙiftawar ba hannu ko ɗaya a kan sitiyari, ga tukwanen siminti a baya, ga wata bas cike da mutane tana gangarowa ta ɗaya hannun. Bas ɗin ta wuce. Kafin su kai ƙarshen hawan ya sake yi, motar ta ɗan ci gefe, ya dawo da ita.

Daɗin da take ji ya tafi. Ta nemi dabara a kanta, irin ta faranti da injin jan kaya, ba ta samu ba. Wayarta ta kama ruri a aljihu. Ta san Yaya ne, ta bar ta ta yi ta gaji.

"Baba," ta ce. "Tsaya."

Bai tambaye ta dalili ba. Ya ga inda idonta yake. Ya ɗan ƙara tafiya, har sai da ya sami wuri mai faɗi yadda tirela ba za ta tare hanya ba, ya sa sigina, ya tsaya daidai. Ya zauna jim kaɗan injin na aiki. Sannan ya buɗe ƙofa ya sauka, ya zagayo ta gaban motar, ita kuma ta zagaya ta baya.

Auta ba ta tuna ranar da ta ga Baba a kujerar fasinja da kaya a bayan mota ba. Ya zauna, ya dubi ƙofar da ke buɗe a damansa, ya fara juyowa don ya kamo ta da hagu. Ta miƙa hannu ta gabansa ta janyo ta ta rufe. Ta matso da kujerarta gaba, ta gyara madubi, ta ja.

Suka shigo gari. A kwanar layinsu, da kaya da komai, motar ta juya ba ta kwanta ba.

"Kin gani," in ji Baba. "Ƙarfen ya yi."

"Ya yi, Baba."

Ta tsaya a ƙofar gida ta kashe motar. Sabo ya sa ta zare mukullin ta miƙa masa. Ya dube shi, da tsohuwar fatar da ke ɗaure a jikinsa, wadda ta girmi Auta, bai karɓa ba.

"Kai wa mamanki. Ta san inda za ta ajiye."

Mama na tsaye a bakin ƙofa da kwandon wanki. Ta karɓi mukullin ba ta tambayi komai ba, ta jefa a aljihu ta shige. Da Auta ta juyo, ta tarar Baba ya durƙusa a bayan motar, ya dafa taya da hagu, yana leƙen jan ƙarfen da ko ƙura bai gama ɗauka ba.

"Bayan tafiyar sati guda sai an sake bin notocin nan, ko?"

"Haka ne, Baba."

"To," ya ce, yana neman abin da zai dafa ya miƙe. "Ki gaya wa wanda zai riƙa jan ta."